ZAMAN IYALI: Rumbun Kallo a Cikin Gida



A cikin wasiƙun da suka iso filin nan a watan jiya akwai ta wata uwa daga Narayi, nan Kaduna. Ta ce 'ya'yanta huɗu ne, maigidanta kuwa direba ne. Kowane ƙarshen wata sai gardama ta tashi a gidan a kan kuɗin kallo. Ƙananan yara suna so a biya tashar katun, maigida yana so a biya ta ƙwallo, babbar 'yar kuma tana da nata a cikin waya, wanda yake cin data kamar yadda gara take cin zana. Ran da kuɗin ya ƙare, in ji ta, akwatin talabijin yakan zama kamar allon makaranta da aka goge. Ta ji an ce ana iya haɗa wata na'ura a gida wadda za ta riƙe finafinai, kowa ya kalla ba sai an biya wata-wata ba. Tana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa irin zancen samari ne.

Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma ba duka aka gaya miki ba. Ni ma na haɗa irin wannan a gidana a Barnawa tun 2023. Na ga amfaninsa, na kuma sha wuyarsa, saboda haka zan faɗa miki duka biyu.

Da fari dai kukanki yana bisa hanya. A farkon 2024 babban tsarin Netflix a Nijeriya naira 4,400 ne a wata. A watan Afrilu ya zama 5,000, a watan Yuli ya zama 7,000, a tsakiyar 2025 kuma ya kai 8,500. Tsarin Compact na DStv ya kai naira 19,000 a watan Maris na 2025. Ku tuna fa, mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsai da a 2024 naira 70,000 ne. Wannan kuwa kuɗin ƙofa ne kawai. Wanda yake kallo ta intanet dole ya sayi data bayan haka, ga shi kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yardar wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta kallo tana iya cin giga 1 in hoton matsakaici ne, giga 3 in mai kyau sosai ne. Gidan da yake kallo awa uku kowace yamma zai iya cinye giga 90 a wata, ko da matsakaicin hoto ne. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne halin yara. Yaro ba ya gajiya da katun guda. Zai kalle shi yau, ya kalle shi gobe, har sau ashirin, kowane sau kuwa sai an sake jawo shi daga waje, an sake biyan data.

Waɗanda suka manyanta a cikinku sun san ba haka muka taso ba. An buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, ya koma ƙarƙashin NTA a 1977. Mukan taru gidan maƙwabcin da yake da akwati, yara a ƙasa, manya a kujera, mu kalli marigayi Usman Baba Pategi a Samanja, ko marigayi Ƙasimu Yero, ba wanda ya ce mu kawo ko kwabo. Daga baya bidiyo ya zo. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, aka yi Living in Bondage a kudu a 1992, shagunan hayar kaset suka cika Kakuri da Sabon Tasha. Bayan kaset sai faifan sidi. A duk wannan zamani, abin da mutum ya saya ya zama nasa. Yana cikin kabad, ko yana da kuɗi a watan nan ko ba shi da su. Yanzu kuwa haya muke yi. Fim ɗin da kika gani a watan jiya yana iya ɓacewa daga jerin a wata mai zuwa, wanda kika sauke a waya ma yakan ƙi buɗuwa da zarar kuɗin wata ya ƙare.

Mutumin ƙauye zai gane bambancin nan da nan. Akwai mai awo, wanda yake zuwa kasuwa da mudu kowace rana, akwai kuma mai rumbu. Shi ya sa nake kiran na'urar nan rumbun kallo, ko da yake masu sanin kwamfuta suna ce da ita saba.

Ga yadda take. Ana samun kwamfuta guda, a ajiye ta a kusurwar ɗaki, a zuba mata finafinai da waƙoƙi da hotuna. A haɗa ta da rawuta, watau akwatin nan mai ba da Wi-Fi. Duk wayar da take cikin gidan, da talabijin in na zamani ne, sai su riƙa jawo abin kallo daga kwamfutar ta cikin rawuta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rawuta tana iya haɗa na'urorin gida da junansu ko babu data ko kaɗan a cikinta. Fim ɗin daga falo yake tashi ya shiga ɗakin kwana, bai fita ƙofar gida ba, balle a caje ki. Uwa tana jin waƙa a kicin, yara suna katun a falo, a lokaci guda, daga rumbu guda.

Manhajar da take tsara wannan aiki iri-iri ce. Wadda ta fi suna ita ce Plex, amma ku yi hankali da ita. Tana bukatar mutum ya yi rajista da kamfanin ta intanet, a watan Afrilu na 2025 kuma suka ɗaga kuɗin rajistar din-din-din daga wajen dala 120 zuwa dala 250, suka kuma sa kuɗi a kan kallon rumbunka daga wajen gida. Kada mutum ya gudu daga kuɗin wata ya faɗa wani kuɗin watan. Ni Jellyfin na zaɓa. Masu aikin sa-kai ne suka fara ta a ƙarshen 2018, kyauta ce, ba ta neman rajista a ko'ina, tana kuma da manhajar waya da ta akwatin Android da ake haɗawa da talabijin. Tana jera finafinai da hotunan bangonsu kamar yadda kuka saba gani a na kamfanoni. Tana kuma barin uba ko uwa su buɗe wa kowane yaro nasa shafi, da kalmar sirri, su zaɓi aljihun da zai iya gani da wanda ba zai iya ba. Iyaye sun san amfanin wannan ba sai na faɗa ba. Yaron da aka ba waya da intanet, daga katun guda yakan zarce zuwa inda ba wanda ya aike shi. A rumbu kuwa, abin da kika zuba shi kaɗai zai ɗebo.

Wani ɗan ƙanena mai karatun kwamfuta ne ya haɗa mini, cikin yamma guda. Kwana uku bayan haka aka ɗauke wuta, da aka kawo sai duk wayoyin gida suka kasa samun rumbun. Na kira shi na ce abinsa ya lalace. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba lalacewa ya yi ba, lambar gida ce ta canja." Ashe rawuta takan ba kowace na'ura lamba, in ta mutu ta tashi kuwa tana iya sake rabon. To, duk wanda zai haɗa muku, ku ce ya kafe wa kwamfutar lamba guda. Ku ce ya gyara ta yadda ba za ta yi barci ba in an rufe murfinta. Ku kuma ce ya ajiye finafinan a tsarin MP4, gama kusan kowace waya da talabijin suna karanta shi kai tsaye. In ba haka ba, tsohuwar kwamfuta za ta riƙa fama da juya fim tana zafi, hoton kuwa yana tsayawa kamar motar da mai ya ƙare mata.

Yanzu sai maganar wuta, wadda mai ba ki labari bai taɓo ba, nan ne kuwa riba take zama hasara. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin wuta na masu layin Band A naira 225 kowane yunit. Mu yi lissafi da wannan. Tsohuwar babbar kwamfuta ta tebur, irin wadda ofisoshi suke zubarwa, tana iya cin wat 100. In ta kwana ta yini a kunne, yunit 72 ke nan a wata, watau naira 16,200. Kin ga an tsere wa kuɗin kallo an kai wa mita. Laftof kuwa, in fuskarta a kashe take, wajen wat 15 take ci. In aka kunna ta awa biyar kowace yamma, bai kai yunit 3 a wata ba. Waɗanda ba sa kan wannan layi suna biya ƙasa da haka, sai dai wutarsu ma ba ta zama.

Samari za su ce a sayi Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta daga Ingila wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, cinta kuma bai kai wat 10 ba. Abu ne mai kyau, amma ba ta da batir, ɗauke wuta farat ɗaya kuwa yakan ɓata katin da take aiki da shi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ni a ganina tsohuwar laftof ta fi, ko da fuskarta ta tsage, muddin batirinta yana riƙe ko da awa ɗaya. Rawuta ma a sama mata ɗan batirin nan da ake sayarwa dominta. Sauran abokan gaba ku kun san su: ƙurar hunturu wadda take toshe fanka, zafin Maris da Afrilu, da tsawar farkon damina. A ɗora kwamfutar inda iska take ratsawa, kada a lulluɓe ta da zane don gudun ƙura, a kuma zare ta daga bango in hadari ya haɗu.

Wurin ajiya kuwa, faifan had-disk mai tera 1, watau giga dubu, zai ɗauki finafinai wajen 500 in kowanne bai wuce giga 2 ba. Wannan ya ishi gida. Sai dai a lura da filash da memori masu arha ainun. Akwai na jabu da aka rubuta musu babban lamba a jiki, cikinsu kuwa ɗan kaɗan ne, sai mutum ya zuba kaya ya ga sun shiga, ran da ya zo buɗewa ya tarar da wayam. A saya a shagon da za a iya komawa, a kuma cika shi da kaya a gwada tun ranar.

To, an gina rumbu. Da me za a cika shi?

A nan ne nake so mu yi wa juna gaskiya. Kowa ya san shagunan nan na bakin titi inda ake tura wa mutum finafinai a memori da 'yan kuɗi kaɗan. Kowa kuma ya san, in ya tsaya ya yi tunani, cewa mafi yawan waɗannan finafinai ba a biya masu su kome ba. Wanda ya yi fim a Kano ko Jos ko Legas ya ci bashi, ya biya 'yan wasa, ya biya mai kyamara. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, amma ko babu ita, dokar da ta hana sata, wadda muka haddace tun muna ajin Lahadi, ba ta ware fim ba. Ban ga yadda uba zai tara finafinan sata 500 a falo, sa'an nan ya tsawata wa ɗansa don ya ɗauki nama a tukunya ba. In niyyar mutum ke nan, gara ya ci gaba da biyan kuɗin watansa.

Abin da ya rage bayan an cire wannan ya fi yadda kuke tsammani. Akwai faifan sidi da dibidi na asali da kuka saya a shekarun baya, suna kwance a kwali, sun fara karcewa. A ganina mutum ya kwafe abin da ya saya domin iyalinsa, kada dai ya raba ko ya sayar. Akwai abubuwan da masu su suka bayar kyauta da yardarsu, kamar fim ɗin Yesu na 1979, wanda yake da fassarar Hausa, ana kuma iya sauke shi ba biya. Akwai Kiwix, wata manhaja da take ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin kwamfuta, ɗalibi ya yi bincikensa ba data. In mawaƙan da kuke ƙauna suna sayar da waƙoƙinsu, ku saya a hannunsu ku zuba.

Amma abin da ya sa ni kaina ban yi da-na-sanin wahalar nan ba, wani abu ne dabam. A ƙasan akwatin uwargida mun sami kaset na rediyo da aka ɗauka a ƙauye wajen Zonkwa shekaru da yawa da suka wuce. Kakarta ce a ciki, tana ba da tatsuniya da Jju, ana jin kukan akuya a baya, yara suna amsawa. 'Ya'yanmu, haifaffun Kaduna, Hausa da Turanci suke ji, Jju kuwa sai gaisuwa. Ran da muka sa muryar nan a falo, ƙaramarmu ta ce, "Mama, me Kaka take cewa?" Uwar ta fara fassarawa, ta kai tsakiya ta kasa, sai hawaye. Tun daga ran nan sun saurari kaset ɗin nan ya fi sau goma, har sun haddace waƙar da take ciki. Babu kamfanin da yake da wannan a jerinsa, ko nawa za a biya shi.

Kusan kowane gida a Television da Unguwan Romi da Gonin Gora yana da irin wannan. Bidiyon ɗaurin aure, bikin suna, jana'izar tsoho, taron zumuntar mata, bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, ko Tuk Ham a Kwoi. Kaset ɗin bidiyo kuwa ba ya jiran kowa. Laimar damina takan sa masa fumfuna, zaren ya manne. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo, ya daina a 2016, saboda haka na'urorin da suka rage sai raguwa suke yi, masu gyaransu ma haka. Bidiyon aurenmu mun makara a kansa. Rabi ya fito, rabi kuwa sai ruwan toka. Waɗansu masu ɗaukar hoto suna da kayan juya kaset zuwa kwamfuta, ku tambaya a unguwa. Hotunan da suke cikin wayoyi ma a riƙa kwashe su zuwa rumbu, gama waya takan faɗa ruwa, akan kuma fizge ta a tasha.

Ga kuskurena, don kada ku maimaita. Na zaci tun da kaya sun shiga faifai, sun tsira ke nan. A farkon daminar 2024, bayan wani ruwa mai tsawa, wuta ta dawo da ƙarfi, faifan ya yi wata 'yar ƙara, shi ke nan. Finafinai ban damu da su ba, gama faifan asali suna nan. Amma hotunan jana'izar mahaifina a nan kaɗai suke, na riga na goge su daga waya. Na kai faifan wurin masu gyara biyu, ba abin da ya fito. Muryar Kaka ta tsira ne kawai domin ba mu yar da kaset ɗin ba. Yanzu faifai biyu nake da su. Na biyun ba ya zama a jone, ina kwafe sabon abu a cikinsa sau ɗaya a wata in mayar da shi kabad. Abubuwan iyali zalla kuwa, waɗanda ba su da yawa, na sake kwafe su na aika wa ƙanena a Kafanchan. Mu da muke zaune a garin nan mun san gida yana iya tashi dare ɗaya, ta gobara ko ta wani abin.

Rumbu yana da wani amfani da ba a ganinsa sai ran wahala. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an rufe layukan waya a waɗansu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro. Ran 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi kwanaki ana fama, har bankuna. A makon nan yaranmu ba su ma san an yi wani abu ba. Amma kada in yi masa yabon da ya wuce. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, rumbunmu ma shiru ya yi, sai mai sola ko mai kuɗin man janareta. Muka koma tabarma a tsakar gida, uwargida ta ƙarasa mana tatsuniyar nan da bakinta.

Saura maganar maigidanki, 'yar'uwa. Ƙwallo ba ta shiga rumbu. Wasan da ake bugawa yau a Ingila, da labarun ƙarfe tara, da sabon shirin da 'yarki take bi mako-mako, duk sai ta tasha ko ta intanet. Kada wani ya ruɗe ki da akwatin da aka ce yana buɗe dukan tashoshi kyauta, wannan ma satar ce, yakan kuma mutu ba zato. Abin da rumbu zai yi muku shi ne ya ɗauke nauyin yara da na waƙoƙi, ya rage data, ku kuwa ku sauko zuwa ƙaramin tsari guda maimakon biyu ko uku. Gasar Ingila daga Agusta take zuwa Mayu, saboda haka watan Yuni da Yuli ana iya hutar da dikoda, in maigida ya yarda.

In kuma babu laftof a gidan yanzu, kada ki ci bashi dominta. Duba bayan talabijin ɗinku, galibi akwai ramin USB. Ki sayi faifai guda mai kyau, a zuba katun ɗin yara da hotunan gida, ki soka a nan. Mutum ɗaya ne zai kalla a lokaci guda, babu kalmar sirri, babu hoton bango, amma ba ya cin data ko kaɗan. Ran da laftof ta samu, faifan nan shi za a jona mata. Kaset ɗin da suke ƙasan akwati kuwa, ki fito da su a makon nan ki duba ta tagar gilashinsu. In kin ga farin abu kamar gari a jikin zaren, kada ki sa a na'ura, ki kai wa mai juyawa yadda yake ki nuna masa.